Me ƴan takara ke karantawa? Tambayoyi da amsoshi ga masu zaɓe da ƴan jarida a Maraɗi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa a fada, a gidajen rediyo da kuma tsakanin malaman lakwal duk lokacin da aka ɗauko zancen ilimin masu neman kujera. An amsa su ne domin mai jefa ƙuri'a, da ɗan jaridar da zai zauna gaban ɗan takara, da kuma wanda shi kansa yake da niyyar tsayawa wata rana.

Yanzu da babu jam'iyyu, babu kamfe, mene ne amfanin wannan magana?

Gaskiya ne. An dakatar da kundin tsarin mulki na 2010 bayan 26 ga Yuli 2023, an rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, an rushe jam'iyyu a Maris na 2025. Amma karatu ba a fara shi ranar da aka buga gangar kamfe. Wanda zai nemi kujerar konseye ko ta magajin gari nan gaba yana nan cikinmu yau, a kasuwa, a lakwal ko a ofis, kuma yanzu ne yake da sukunin zama da takarda. Idan kamfe ya kankama, daga gaisuwar mutuwa sai suna, daga Tsibiri sai Jiratawa, babu mai buɗe littafi. Mai zaɓe ma yanzu ne zai koyi tambaya, tun babu wanda ya raba masa atamfa.

Me ya sa kuke cewa "wane littafi ka fi so?" ba tambaya ce mai kyau ba?

Domin amsarta a shirye take tun daga gida. Mai gidan kamfe ya san za a yi ta, sai ya ba ɗan takara sunaye biyu ko uku: ɗaya na addini don malamai su ji, ɗaya na wani gwarzon Afirka don matasa su tafa, ɗaya na tattalin arziki don ƴan boko su gyaɗa kai. Sunan littafi ba ya da tsada, yaron da ke ajin farko na kwaleji ma zai iya haddace shi. Tambayar tana auna abin da mutum yake so a ɗauke shi, ba abin da ya zauna ya karanta ba.

Akwai illa ta biyu. Tana kunyata mai gaskiya, tana ɗaga mai baki. Dattijon da ya shekara ashirin yana bitar Risala a zaure zai iya yin shiru don bai ɗauki wannan a matsayin "littafin da ya fi so" ba, shi karatu ne kawai a wurinsa. Wani kuma da bai taɓa wuce bangon littafi ba zai jero sunaye biyar da Faransanci mai santsi.

To, yaya ake tambayar da za ta fito da gaskiya?

A hawa uku ake yin ta, kuma kada a tsallake ko ɗaya.

Da farko a ɗaure ta da lokaci: "Alhaji, cikin watan nan da ya wuce, mece ce takarda ta ƙarshe da ka zauna ka karanta, ko aka karanta maka?" A lura da kalmar takarda. Ta haɗa littafi, doka, rahoto, jarida. Kuma "ko aka karanta maka" tana buɗe ƙofa ga wanda bai yi lakwal ba, ba tare da an ci masa fuska ba.

Sannan a nemi abu ɗaya daga ciki: "Wane abu guda ka riƙe daga cikinta?" Wanda ya karanta zai kawo abu ƙarami, takamaimai: wani adadi, wata aya ta doka, wani labari da ya tsaya masa a rai. Sau da yawa ma zai ɗan yi jim kafin ya amsa, yana lalube. Wannan jim ɗin alama ce mai kyau. Wanda bai karanta ba shi ne ke amsawa nan take da manyan kalmomi: adalci, ci gaba, haɗin kai, kishin ƙasa.

Hawa na uku shi ne mafi ƙarfi: "Ina ne ba ka yarda da marubucin ba?" ko "Wane abu ne a ciki ba zai yi aiki a Maraɗi ba?" Ba a iya haddace amsar wannan. Mutum ba ya musu da littafin da bai shiga cikinsa ba. Idan ɗan takara ya ce ya yarda da komai daga farko har ƙarshe, to ko dai bai karanta ba, ko ya karanta bai auna ba, kuma dukansu biyu abin dubawa ne ga mai son riƙe dukiyar jama'a.

Abin da ke ɓata wannan tsari shi ne mai tambayar da shi ma bai karanta ba. Da zarar ɗan takara ya gane haka, sai ya yi ta zuba, babu mai tare shi. Don haka ɗan jarida ya zaɓi takarda ɗaya da ya sani ciki da bai, ya tsaya a kanta.

Idan ya ce Alƙur'ani ne littafinsa fa? Ai ba a ja da wannan.

Ba a ja, kuma bai kamata a mai da shi abin gwaji a gidan rediyo ba. A Maraɗi kusan kowa da allo ya fara, kuma mutane da yawa gaskiya suke faɗa idan suka ce shi ne abin da suke karantawa kullum. A karɓi amsar da girmamawa, sannan a ci gaba: "Madalla, Malam. Bayan shi, a cikin littattafan ilimi wanne ka sauka, kuma a gaban wa?" Wanda ya bi zaure zai faɗa ba tare da wahala ba: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, wani har Askari. Zai faɗi unguwar da ya yi karatun.

A kiyaye abu ɗaya. Kada tambayar ta zame ta koma ta ɗariƙa da Izala. Idan ta koma can, an bar zancen karatu an shiga rabon jama'a, kuma mai saurare ba zai ƙaru da komai ba game da yadda mutumin zai riƙe kuɗin kasuwa.

Akwai littattafan malamanmu na da da suka yi magana kan mulki kai tsaye?

Akwai, kuma gajeru ne, ana iya gama kowanne cikin ƴan kwanaki a gaban malami. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa *Tajuddin* a ƙarshen ƙarni na 15. Babi takwas ne, kuma abin da yake ta nanatawa shi ne babbar musiba ita ce shugaba ya ɓuya wa talakawansa. Abdullahi ɗan Fodiyo yana da *Diya'ul Hukkam*. Muhammadu Bello yana da *Usulus Siyasa*, mai ginshiƙai bakwai, wanda a cikinsa ya ɗora wa shugaba nauyin kula da sana'o'i, kasuwanni da hanyoyi, ba salla da shari'a kaɗai ba.

Na ƙarshen nan yana da wani nauyi na daban a garin nan. Bello ya rubuta shi ne ga Ummarun Dallaje, wanda ya hau gadon Katsina bayan jihadi, wato a daidai lokacin da sarakunan Katsina na asali suka yiwo arewa, zuriyarsu ta kafa sarautar Maraɗi. Bamaraɗen da ya karanta shi yana karanta nasihar da aka yi wa abokin gabar kakanninsa ne. Wannan ba dalilin ƙin sa ba ne. Ɗan takarar da ya iya ɗaukar abin amfani daga littafin ɓangaren da ba nasa ba ya nuna halin da ake nema a zauren majalisa.

Mai neman konseye ko magajin gari, waɗanne takardu ne ba shi da uzurin rashin saninsu?

A nan ne maganar take da nama. Takardu huɗu ne, kuma babu wanda ke ambatar su idan an ce ya faɗi littafin da yake so.

Ta farko ita ce dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010, wadda ma'aikata ke kira CGCT. Ita ta faɗi abin da majalisar gari ke da iko a kai da abin da ba ta da shi, yadda ake kiran zama, yadda ake tsige magajin gari, da inda ikon parfe ya tsaya. Yawancin alkawuran da ba a cikawa daga rashin sanin wannan suke fitowa: mai neman konseye ya yi alkawarin kwalta daga Maraɗi zuwa Dakwaro, alhali babbar hanya irin wannan ta gwamnatin ƙasa ce, ba ta cikin hurumin ƙaramar hukuma. Ko da an sake dokar nan gaba, wanda ya san tsohuwar zai gane sabuwar cikin mako guda.

Ta biyu ita ce kasafin kuɗin garin da yake nema, na shekaru uku a jere, ba ɗaya ba. Kasafin kashi biyu ne: na tafiyar da aiki, wato albashi, mai, takardu, alawus na zama, da na zuba jari, wato aji, rijiya, magudanar ruwa, rumfunan kasuwa. Kuma takardar da aka zartar a farkon shekara buri ce kawai. Gaskiya tana cikin takardar ƙarshen shekara da magajin gari ke gabatarwa, *compte administratif*, wadda ke nuna abin da ya shigo da abin da aka kashe. A ɗora su gefe da gefe a kan tabarma, a sa yatsa a layin harajin kasuwa: nawa aka yi tsammani, nawa aka tara? A koma layin gine-gine: nawa aka rubuta, nawa aka kashe? Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce labarin garin. Ɗan takarar da ya taɓa yin wannan zama za ka ji shi a bakinsa, ba ya cewa "za mu gina" sai ya faɗi inda kuɗin za su fito.

Ta uku ita ce tsarin raya ƙaramar hukuma, PDC, wanda aka saba yi na shekara biyar. A cikinsa akwai yawan garuruwa, rijiyoyi, azuzuwa da gidajen likita, da jerin abin da mutane suka ce sun fi buƙata. Sau da yawa ana rubuta shi da taimakon wata ƙungiya, a ajiye a kabad ƙura ta rufe. Sabon magajin gari da bai karanta shi ba yakan sake biyan kuɗi a binciko abin da ke rubuce tun tuni.

Ta huɗu ita ce dokar ƙasar noma da kiwo, kuma ta cancanci tambayarta ita kaɗai.

Me ya sa dokar gona ta fi sauran muhimmanci a jihar Maraɗi?

Saboda yawan jama'a da ƙarancin fili. Ƙidayar 2012 ta ba jihar mutum 3,402,094, kuma mafi yawansu a kudu suke cunkushe, Madarumfa, Gidan Runji, Agye, Tasawa, inda gonar gado ke ƙara tsagewa a kowane rabon gado. A arewa kuma, wajen Dakwaro da Bermo, noma na ta hawa cikin ƙasar kiwo. Duk wanda ya san abin da ya faru a Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da ɗari, ya san wannan ba zancen takarda ba ne kawai.

Abin da ɗan takara zai karanta: dokar 2 ga Maris 1993 da ta kafa ginshiƙan *Code rural*, wato dokar karkara, da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 da ta amince cewa yawon makiyayi da dabbobinsa haƙƙi ne, da tsohuwar dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa. Sannan ya san hukumomin filaye da ake kira Kofo, na gari, na ƙaramar hukuma da na gunduma, da takardun da suke bayarwa: shaidar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina.

Gwajinsa mai sauƙi ne. A ce masa: "Ranka ya daɗe, mutum ya karɓi jinginar gona shekara goma sha biyar, mai gonar ya rasu, ƴaƴansa sun zo da kuɗi, shi kuma ya ce saye ya yi. Babu takarda. Ina za su fara zuwa?" Ko kuma: "Wa ke sa ranar sakin gonaki bayan girbi, kuma me ake yi wa wanda ya nome burtali?" Wanda ya karanta zai fara da mai gari da sulhu da shaidu, ya bi matakan har alƙali. Wanda bai karanta ba zai ce zai kira kowa a zauna lafiya.

Ai wanda ke da digiri ya riga ya yi karatu. Ba shi ke nan ba?

A'a. Digiri shaida ce ta abin da mutum ya karanta a da, a fanni ɗaya. Likitan dabbobi ko injiniya zai iya fita jami'a ya shekara ashirin bai buɗe komai ba sai wasiƙun ofis. Kundin 2010 ya ɗora sharaɗin cewa aƙalla kashi 75 cikin 100 na sunayen da jam'iyya ta tsayar a zaɓen ƴan majalisar dokoki su kasance masu birbe ko makamancinsa. Manufar ita ce a samu masu iya karanta daftarin doka. Sharaɗin ya tace takardar shaida, amma ba shi da hanyar tace wanda zai zauna da daftarin kasafi mai ɗaruruwan shafuka kafin ya ɗaga hannu.

To Alhajin da bai yi lakwal ba fa, a cire shi ke nan?

Ko kusa. Maraɗi gari ne da fatake suka gina, tun zamanin gyaɗa har zuwa cinikin iyaka da Katsina da Kano, har wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya yi littafi sukutum a kan Alhazan garin a 1986. Mutumin da ke riƙe lissafin tirela goma a kansa, yana juya sefa zuwa naira kafin yaro ya taɓa kalkuleta, ba jahili ba ne. Wasu suna rubuta bashinsu da ajami, wasu sun sauke littattafan fiƙihu da ɗan bokon bai taɓa gani ba.

Abin da za a duba a wurinsa shi ne wa ke karanta masa, kuma mutum nawa. Idan mutum ɗaya ne tak ke fassara masa kowace takarda, to wannan mutumin ne zai yi mulki, ba shi ba. Hanyar da ke aiki ita ce masu karatu biyu da ba su san juna sosai ba, kowanne ya karanta masa takardar daban, ya fassara aya bayan aya, ba taƙaitawa ba. Inda fassararsu ta saɓa, nan ne zai tsaya ya tambayi na uku. Kuma kada ya sa hannu a kan abin da aka ce masa "ba komai, ƙa'ida ce kawai". Wasu magadan garin da suka shiga uku da masu binciken kuɗi ta wannan ƙofar suka shiga.

A tarihin Nijar, akwai ƴan siyasar da aka san su da karatu da rubutu?

Da yawa. Ƴan siyasar farko malaman makaranta ne: Diori Hamani ya koyar, har ya koyar da Hausa da Zabarmanci a Paris, Djibo Bakary ma malami ne kafin jam'iyyarsa ta Sawaba. Boubou Hama, shugaban majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974, ya bar littattafai masu yawan gaske kan tarihi da al'adu. Abdoulaye Mamani ɗan Sawaba ne kafin ya rubuta littafinsa na 1980 kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da shugabanninta suka ƙare a ƙasar Tasawa. André Salifou, masanin tarihi, shi ya jagoranci taron ƙasa na 1991. Daga jiharmu akwai Sanoussi Tambari Jackou na Kornaka, masanin tattalin arziki da ya kafa jarida. A shugabannin baya-bayan nan, Mahamane Ousmane masanin ƙididdiga ne, Mahamadou Issoufou injiniyan ma'adinai, Mohamed Bazoum malamin falsafa.

Wannan jeri yana koyar da abu biyu. Siyasar ƙasar nan ba ta taɓa rasa masu ilimi ba. Kuma ilimin bai hana gwamnatin farko faɗuwa a 1974 a tsakiyar fari da yunwa ba, duk da marubucin da ke shugabantar majalisarta. Karatu sharaɗi ne, amma ba ya maye gurbin amana, kuma ba ya maye gurbin fita a ga rumbun talaka.

An ce Hausa ta zama harshen ƙasa. Takardun nan akwai su da Hausa?

Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma dokokin da aka ambata a sama da Faransanci aka rubuta su, kasafin gari ma haka. Don haka tambaya mai kyau ga kowane ɗan takara ɗan boko ita ce ya bayyana aya ɗaya ta doka da Hausa tsantsa, yadda gyatumarsa za ta gane. Wanda ya fahimci abu zai iya faɗarsa da harshen gida. Wanda ya haddace kawai zai yi ta cusa kalmomin Faransanci, in an ce ya fassara sai ya maimaita su da ƙarfi.

Sauraren rediyo da saƙonnin WhatsApp ba karatu ba ne?

Rediyo makaranta ce babba a ƙasar Hausa, kuma ɗan takarar da ba ya jin labaran safe da na yamma ya yi nisa da mutanensa. Sai dai rediyo na ba ka abin da ya faru yau, ba ya ba ka abin da za ka koma ka duba gobe. Ba a sa yatsa a kan murya.

WhatsApp kuma kogi ne da ke ɗauke da ruwa da shara tare. Ana samun cikakkiyar doka a cikinsa, ana samun takardar ƙarya mai tambarin gwamnati. Ƙa'idar da za a riƙe: duk takardar da aka turo, a duba lambarta, ranarta, da wanda ya sa hannu, sannan a nemi irinta a jaridar gwamnati ta dokoki ko a *Le Sahel*. In ɗan takara ya kawo wani adadi a taro, a tambaye shi daga ina. "An turo mini" ba amsa ba ce.

Littattafan hira da waƙoƙi fa, ɓata lokaci ne ga mai neman mulki?

Ba ɓata lokaci ba ne. Doka na koya wa mutum abin da ya halatta, labari na koya masa zama cikin rigar wani. Wanda ya tashi da *Magana Jari Ce* ya ga sarki da waziri da bafade ta fuskoki da yawa kafin ya taɓa shiga fada. Waƙoƙin siyasa na Sa'adu Zungur har yau suna da cizo. Littattafan da matan Kano ke rubutawa, waɗanda ake shigo da su ta Jibiya da Ɗan Isa, suna ɗauke da zancen aure, saki da kishi da ɗan takara namiji ba zai ji a zaurensa ba, alhali rabin masu zaɓensa mata ne.

A ina ake samun waɗannan takardu a Maraɗi?

Kasafi da PDC a ma'aikatar magajin gari suke, wurin babban sakatare. A rubuta buƙata a takarda, a ajiye kwafi mai tambarin karɓa, domin buƙatar baki takan ɓace. Dokokin gona suna wurin sakataren Kofo. Alƙaluman jama'a suna ofishin ƙididdiga na jiha. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana da kundayen ɗalibai kan noma, ruwa da ƙasa na garuruwan jihar nan, haka cibiyar binciken noma ta Tarna. Tsofaffin littattafan tarihi kuwa sai wurin masu baza littattafai a ƙasa, inda za ka tarar da na lissafin aji shida kwance kan tarihin Gobir, bangon ya cinye, wani ɗalibi ya ja layi da jan biro. A duba shafukan tsakiya kafin a biya, don sau da yawa akwai waɗanda suka zube. Na Larabci suna wurin masu sayar da littattafan addini a bakin manyan masallatai da cikin kasuwa.

Ina da niyyar tsayawa nan gaba. Yaya zan tsara karatuna?

Minti arba'in bayan sallar asuba, kafin masu sallama su fara zuwa, waya a kashe. Shafi goma a rana ya isa: littafi mai shafi 300 zai ƙare cikin wata. Doka kuma ba a karanta ta kamar labari, aya biyar zuwa goma a zama ɗaya, kowace aya ka rubuta ma'anarta da Hausa a kaye, layi biyu, tare da misali ɗaya daga unguwarku.

Wata ukun farko na dokar ƙananan hukumomi da kasafi ne. Na biyu na dokar gona da kiwo, kuma a cikinsu ka je ka zauna a zaman sulhu ko biyu a ƙofar mai gari, ka ji yadda ayar ke sauka a ƙasa. Na uku na tarihin Katsina, Gobir da Maraɗi, har da ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi garin daga bakin gulbi zuwa tudu, domin mai son gyara magudanan ruwa ya kamata ya san inda ruwan ke bi tun asali. Na huɗu na littattafan malamai kan mulki, a gaban malami.

Abin da ke karya mutane shi ne farawa da littafi mai nauyi don a gan shi a hannunsu, sai su gaji a shafi na talatin. Na biyu shi ne karatu babu abokin musu. Ka samu mutum biyu, ko a fadarku ne, ranar Juma'a da yamma kafin shayi na uku ya ƙare ka faɗa musu abin da ka karanta a makon, su yi maka tambayar da ba ka shirya ba. Hajiyar da ke da niyya ita ma haka, ko a taron adashi ne, kuma ta ƙara da dokar kason mata ta 2000, wadda aka ɗaga zuwa kashi 25 cikin 100 na kujerun zaɓe a 2019, don ta san kujerar haƙƙinta ce ba alfarma ba.

Gidan rediyonmu na son shirya zama da ƴan takara kan wannan. Me za mu kiyaye?

Ku sanar da kowa takarda ɗaya tak mako biyu kafin zaman, misali kasafin garin na bara, ku aika wa kowanne kwafi iri ɗaya. Manufar ba kama mutum ba ce, a ga wanda zai zauna ya yi aikin gida ne. Kowa minti uku a kan tambaya, agogo a gaban kowa. A bar mutum ya amsa da Hausa, kuma wanda ke buƙatar mai karanta masa lamba ya zo da shi, amma bayani daga bakinsa zai fito.

Ku hana magoya baya shiga ɗakin, domin tafi na rufe amsar banza. Ku ajiye mutum ɗaya da takardar a buɗe a gabansa, aikinsa kawai ya duba duk lambar da aka ambata, in ba daidai ba ce ya miƙa wa mai gabatarwa ƴar takarda a gyara nan take cikin ladabi: "Alhaji, a shafi na 12 abin da aka rubuta daban ne, ko za ka sake dubawa?" Kiran masu saurare ya zo a ƙarshe, bayan an gama da takardar, kuma a tace shi, don kiran farko yakan zama na wanda aka ba kuɗin kati ya yi kirari. A ajiye faifan zaman da kwanan wata a jikinsa, a kwafe shi wuri biyu, domin a sake sa shi a iska shekara guda bayan an rantsar da wanda ya ci.